A Fitar da Tsohon Yisti Daga Gida

   Yau batun shara za mu yi, wata irin shara da Allah da kansa ya umarta. Wanda ke da Littafi Mai Tsarki kusa, ya buɗe Littafin Fitowa sura 12 mu tafi tare.

Isra'ilawa sun yi shekara 430 a Masar. Da lokacin fitarsu ya yi, Allah ya ba Musa da Haruna umarni dalla-dalla. Kowane gida ya ware ɗan rago ko ɗan akuya, namiji, mai shekara ɗaya, marar lahani, tun ran 10 ga wata. A yanka shi ran 14 da maraice, a shafa jininsa a dogaran ƙofa biyu da saman ƙofa. A gasa naman, a ci da ganyaye masu ɗaci, a ci da sauri, ɗamara a ɗaure, takalmi a ƙafa, sanda a hannu. Wannan ɓangaren kowa ya san shi tun daga makarantar Lahadi. Amma akwai umarni na biyu da ke manne da shi, wanda ba mu cika tsayawa a kansa ba. Daga maraicen 14 ga wata zuwa maraicen 21, kwana 7 cur, ba mai cin gurasa mai yisti. Kuma abin bai tsaya ga ci ba. An ce tun ranar farko a fitar da yisti daga gidaje. A sura 13 aka ƙara jaddada cewa kada ma a gan shi ko'ina cikin ƙasarsu. Wanda ya ci kuwa, baƙo ne ko ɗan ƙasa, za a raba shi da jama'ar Isra'ila.

Hukunci mai tsanani haka a kan ɗan abin da ake sa wa ƙullu? Kafin mu amsa, sai mun san yadda yistin wancan zamani yake. Babu na leda da muke saya a shago yau. Mace ce za ta kwaɓa gari, ta gutsuri kaɗan ta ajiye ya yi tsami, gobe ta haɗa shi da sabon kwaɓi, daga wannan kuma ta sake gutsura ta ajiye na jibi. Saboda haka gurasar yau tana ɗauke da ta jiya, ta jiya tana ɗauke da ta shekaranjiya, haka nan har a koma shekaru baya. Idan aka ce a fitar da yisti duka, ma'anarsa a yanke irin. Fitowa ta ce mutanen sun fito da ƙullunsu bai kumbura ba, a cikin makwaɓai, a naɗe cikin tufafi bisa kafaɗa, don an kore su babu lokacin jira. Tsamin Masar bai bi su hanya ba. Kowace shekara kuma Idin Ƙetarewa, da ake yi don tunawa da wannan fita, yana tilasta wa kowane gida ya zubar da tsohon iri ya soma daga sabo.

Ku tambayi mai waina a unguwarku, ita ta fi kowa sanin halin wannan abu. Da daddare za ta zuba ɗan yisti cikin bokitin ƙullun shinkafa, ta juya, ta rufe, ta je ta kwanta. Ba ƙara, ba motsi. Kafin asuba ƙullu ya taso har yana ɗaga murfi. Ku ce mata ta tsame yistin nan da ta zuba jiya, za ta gaya muku aikin gama ya gama, domin babu ludayi ɗaya a bokitin da bai shiga ba. Halin zunubi ke nan a cikin mutum: kaɗan yake shiga, a ɓoye yake aiki, kuma ba ya tsayawa inda aka ajiye shi.

Bari in yi hanzarin cewa kada wani ya je ya hana iyalinsa cin burodi. Yisti a kan kansa ba ƙazanta ba ne. A Littafin Firistoci sura 23, gurasa biyu da ake kawowa a Idin Makonni da yisti ake toya su. Ubangiji Yesu ma, a Matiyu sura 13, ya kwatanta Mulkin Sama da yistin da mace ta cuɗa cikin gari. Yadda abin yake bazuwa shi ne darasin, alheri ne ko mugunta.

Har yau Yahudawa masu kiyaye addini suna riƙe da wannan umarni. Ana kwanaki ana wanke gida kafin Idin Ƙetarewa, ana zazzage aljihun riguna, ana leƙa ƙarƙashin gado. A daren jajibere maigida yakan ɗauki kyandir ya bi lungu-lungu yana neman ɓarɓashin gurasa, washegari da safe a ƙone abin da aka samu. Binciken nan da fitila yana rubuce a cikin Mishna, tarin koyarwar malamansu da aka harhaɗa wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Almasihu. Abin da ya ja hankalina shi ne fitilar. Gida ya sha shara, ido ya ce ya yi fes, duk da haka sai an kawo haske an duba inda tsintsiya ba ta kai ba.

Manzo Bulus ya tashi cikin wannan al'ada, ya san ta ciki da bai. Ya yi shekara ɗaya da rabi a Koranti, babban birnin ciniki na ƙasar Girka mai tashar jiragen ruwa biyu, ya kafa ikkilisiya a can. Bayan ya koma Afisa sai labari ya iske shi: wani ɗan ikkilisiya yana zaune da matar ubansa, abin da ko marasa bi na garin ba sa yarda da shi. Abin da ya fi ɓata wa Bulus rai shi ne 'yan ikkilisiyar ba su damu ba, sai ma fahariya suke yi. A wasiƙarsa ta fari gare su, sura 5, ya ɗauko wannan hoto na Fitowa. Ya tuna musu cewa ɗan yisti kaɗan ya isa ya game curi duka, ya ce su kawar da tsohon, su zama sabon curi. Dalilin da ya bayar shi ne an riga an yanka Ɗan Ragonmu na Ƙetarewa, wato Almasihu.

A nan nake so mu ɗan zauna, domin a nan mutane da yawa suke tuntuɓe. A daren nan na Masar, me Ubangiji ya gani ya tsallake gida, ya hana mai hallaka 'ya'yan fari shiga? Jini ya gani a ƙofa. Da wata mata ta share gidanta ƙal, ta zubar da yisti har ɓarɓashin ƙarshe, amma mijinta bai shafa jini ba, da kuka ya tashi a gidan da tsakar dare. Jinin ne ya cece su. Fitar da yisti kuwa rayuwar waɗanda aka riga aka ceta ce. Haka Bulus ya jera maganarsa: ku share, tun da an riga an mai da ku marasa yisti. Ɗan'uwana da ke cewa sai na gyara halina tukuna in zo wurin Yesu, ka juya tsarin, kuma za ka tsufa kana gyara ba ka zo ba. Kai kuma da ke cewa ai alheri ne, jinin Yesu ya rufe kome, bari in ci gaba da abin da nake yi, ka sani wanda ya ba da umarnin jinin shi ne ya ba da umarnin sharar, a sura guda, a dare guda.

To, mu shiga gidajenmu. Na lura da wani abu a tsakaninmu. Mun iya tuba ta baki. A taron farkawa za ka ga mutum ya fito gaba, ya durƙusa, hawaye shaɓe-shaɓe, kuma ba na shakkar cewa da gaske yake. Amma ya bar iri a gida. Ya daina zuwa wurin matar nan, gaskiya ne, sai dai lambarta tana nan cikin wayarsa, an rubuta mata sunan makanike. Ta daina zuwa wurin boka, amma layar da ya ba ta tana ƙasan akwati, a ƙarƙashin zanen zumuntar mata, wai ko wata rana. Ya ce ya bar caca, manhajar kuwa tana nan a waya, har da ɗan canji a ciki. Ya bar shan giya amma bai bar bi ta ƙofar gidan burkutu da yamma ba, wai gaisawa kawai yake da tsofaffin abokai. Mai awo ta yi kuka a sujada ranar Lahadi, ran Litinin ta ɗauki mudun nan da aka buga wa gindi ta nufi kasuwa. Duk waɗannan mutane ba su ci gurasa mai yisti yau ba. Sun dai gutsuri na gobe sun ajiye. Shi ya sa bayan wata biyu ko uku sai ka ji ana cewa wane ya koma ruwa, ana mamaki, alhali ba abin mamaki a ciki.

Littafin Joshuwa sura 7 ya nuna mana abin da ajiya irin wannan take jawowa. Tun kafin faɗuwar Yariko, Allah ya hana kowa taɓa ganima. Wani mutum mai suna Akan, daga kabilar Yahuza, ya ga wata kyakkyawar alkyabba ta ƙasar Babila, da azurfa shekel 200, da sandar zinariya mai nauyin shekel 50. Ya kwashe, ya haƙa rami cikin alfarwarsa ya binne. Ku dubi wannan mutum da kyau. Alkyabbar nan ba zai iya sa ta ya fita ba, kowa zai tambaye shi inda ya samo. Kuɗin ba zai iya kashewa ba. Kullum yana kwana a kan abin da ba ya amfana masa kome sai faɗuwar gaba. Sai aka tura mutum wajen 3,000 su ci wani ɗan ƙaramin gari, Ai, aka fatattake su, mutum wajen 36 suka mutu. Gidaje 36 suka yi makoki saboda rami ɗaya da ba su san da shi ba. Duk mai cewa zunubina nawa ne ni kaɗai, ba ruwan kowa, ya je ya tambayi matan da mazansu ba su dawo daga Ai ba. Uban da ke ɓoye wata rayuwa a waje, 'ya'yansa ne suke biyan kuɗin, da kuɗin makaranta da aka karkatar, da uwarsu da ke kwana tana kuka.

Yanzu ku kwatanta Akan da mutanen Afisa a Ayyukan Manzanni sura 19. Da suka ba da gaskiya, masu sihiri a cikinsu suka kwaso littattafan tsafinsu suka ƙone a gaban kowa. Aka yi lissafin kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Dukiya ce mai yawan gaske, kuma da sun so da sun sayar, su ce za su kawo kuɗin baiko. Ba su yi haka ba, domin sayarwa kwashe yisti ne daga gidanka ka kai gidan maƙwabci. Haka Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, da Yesu ya sauka a gidansa. Ya miƙe tsaye ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki 4. Tuban da ya taɓa aljihu ke nan. Tun a Shari'ar Musa, wanda ya ci amana ko ya ƙwace kayan wani, sai ya mayar da abin, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, sannan ya kawo hadayarsa. Mu kuwa mun fi son mu roƙi gafarar Allah a ɗaki, mu bar gonar marayu a hannunmu. In takardar filin ɗan'uwanka da ya rasu tana cikin jakarka, 'ya'yansa suna haya, addu'ar dare ba za ta mayar musu da ita ba. Ƙafarka ce za ta kai.

Akwai kuma abin da ya shafe mu a matsayin ikkilisiya, kuma ina roƙon iyayenmu fastoci da dattawa su saurare ni da haƙuri, don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Daga sura ta 5 ta wasiƙar Bulus ta fari ga Korantiyawa muka samo tushen horon ikkilisiya, kuma horo daidai ne. Amma wa muke horo? Yarinya ta yi ciki, ciki ba ya ɓuya, nan da nan an kira sunanta, an mai da ita kujerar baya, an hana ta Jibin Ubangiji. Wanda ya yi mata cikin yakan sulale. Mai kuɗin da kowa ya san yadda ya tara, tun da shi ya sayi kwanon rufin majami'a, kujerarsa tana gaba. Ku karanta jerin da Bulus ya kawo a wannan sura. Bayan fasiƙi ya ambaci mai haɗama, da mai bautar gumaka, da mai zage-zage, da mashayi, da mazambaci, duk a layi ɗaya. Yaushe rabon da mu ji an sa wani a horo saboda ɓata sunan mutane, ko saboda ya cinye kuɗin adashi? Ubangiji ya gargaɗi almajiransa a Luka sura 12 su yi hankali da yistin Farisiyawa, ya kuma faɗi sunansa ƙarara, munafunci. Idan tsintsiyarmu marasa ƙarfi kaɗai take iya sharewa, yistin nan ne ya shiga cikinmu. Sannan kada mu manta horo don maidowa ake yinsa. Bulus ɗin nan, a wasiƙarsa ta biyu sura 2, ya roƙi Korantiyawa su yafe wa wanda suka hora, su ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Nawa ne cikin waɗanda muka tura kujerar baya suka fita ta ƙofar baya, ba wanda ya bi sawunsu?

Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na san tun da na fara magana wani yana cewa da ma wane yana jin wannan shiri. A daren binciken yisti kowane maigida gidansa yake dubawa.

Saura wani yisti guda da na fi jin nauyin ambata. Da Bulus ya bayyana tsohon yisti, ya kira shi ƙeta da mugunta. 'Yan'uwanmu a Filato, da Kudancin Kaduna, da Binuwai, da Borno, da Adamawa, da yawa sun binne nasu, sun ga gidajensu da majami'unsu a toka. Ba ni da bakin da zan ce wa gwauruwar da aka kashe wa miji ciwonta ƙarami ne. Neman adalci hakkinta ne, kuma wajibi ne a kan hukuma. Amma ƙiyayya tana aiki da daddare kamar kowane yisti. Takan fara da wanda ya yi laifin, ta bazu zuwa danginsa, zuwa kabilarsa, zuwa duk mai addininsa, har ka ji yaro ɗan shekara 7 yana zagin mutanen da bai taɓa gani ba, don a bakin iyayensa ya ji. Marubucin Ibraniyawa ya yi kashedi game da saiwar ɗaci da ke tsirowa ta ƙazantar da mutane da yawa. Wannan ba ya fita rana ɗaya, kuma ba ya fita da ƙarfin mutum. Amma a ƙalla kada mu gutsura mu ajiye wa 'ya'yanmu.

Wani zai ce, Malam, na gwada, na zubar, na ƙone, na goge, abin ya dawo. Na ji ka, kuma ga abin da zan ce. Idin Ƙetarewa kowace shekara ake yinsa. Allah ya san yisti zai sake taruwa, shi ya sa ya sa sharar cikin kalanda. Wasiƙar Yahaya ta fari ta tabbatar mana cewa wanda ya furta zunubinsa zai sami gafara da tsarkakewa, domin Allah mai aminci ne. Faɗuwa ta biyu ko ta goma ba ta rufe wannan ƙofa ba. Sai dai ka tambayi kanka, bayan da ka fitar, me ka sa a wurin? Kwana 7 ɗin nan ba azumi Isra'ilawa suka yi ba, gurasa marar yisti suka ci kowace rana, Bulus kuma ya ce tamu ita ce sahihanci da gaskiya. Yesu ya ba da labarin baƙin aljan da ya fita daga mutum, ya dawo ya tarar da gidan a share, a gyare, amma ba kowa ciki, sai ya je ya gayyato guda 7 da suka fi shi mugunta. A wasiƙar Afisawa sura 4 ba a tsaya ga ce wa ɓarawo ya daina sata ba, an ce ya kama aiki da hannunsa har ya sami abin ba mabukaci. Sa'o'in yamma da kake kashewa a wancan wuri, in ba ka cika su da wani abu ba, da nazarin Maganar Allah, da zama cikin iyali, da zumunta, da ziyarar marasa lafiya, ƙafarka za ta mai da kai inda ta saba. Kuma Romawa sura 8 ta ce ta ikon Ruhu ne ake kashe ayyukan jiki. Ka roƙe shi ya haska maka, domin akwai lungun da kai kanka ka daina gani saboda sabo.

Kada kuma ka yi wannan yaƙi kai kaɗai. Yaƙub ya shawarci masu bi su riƙa furta wa juna laifofinsu, suna yi wa juna addu'a. Ba kowa za ka buɗe wa cikinka ba, a nemi mai riƙon asiri. Ku kuma da aka ba amanar irin wannan magana, ku ji tsoron Allah, kada abin da aka gaya muku da hawaye ya zama abin hira a bakin rijiya.

Lokaci ya ƙure mana. Roƙona gare ka ɗan'uwana, gare ki 'yar'uwata, shi ne kafin Jibin Ubangiji mai zuwa a ikkilisiyarku, ku yi abu ɗaya da hannu. Mai lambar da ya kamata ya goge, ya goge ta yau. Mai laya a akwati ta kai wa fasto ko matar fasto a ƙone. Mai kayan wani ya mayar, in ba zai iya duka ba ya je ya faɗi gaskiya a yi yarjejeniya. Waɗanda ba sa ga maciji da juna a gida ɗaya, babba ya fara yin sallama. In abin ya fi ƙarfinka, nemi dattijo mai tsoron Allah a cikin makon nan ka gaya masa.  Ubangiji ya tsare mu duka, ku huta lafiya.